Karan Baffa

A gidanmu ni ce aka sani da rashin kara. Tun ina yarinya, in baƙo ya daɗe a zaure har tuwo ya huce, ni ce mai leƙawa in ce, "Baba, miya fa ta fara daskarewa." Inna ta jawo ni ta murɗe mini kunne, ta ce wannan bakin nawa wata rana sai ya jawo mana magana. Ya jawo ɗin kuwa, ba sau ɗaya ba. Amma duk ranar da na tuna abin da ya shiga tsakanin mahaifina da amininsa, wallahi sai in ce da ma kowa a gidan nan irin bakina gare shi.

Kara biyu ne a bakinmu, ko da yake a takarda rubutunsu ɗaya. Akwai karan dawa, wanda yake saura a gona bayan an yanke zangarniya. Akwai kuma kara ta mutunci, wadda take sa mutum ya haɗiye magana don kada ya kunyata wani. Mahaifina yana da duka biyun, da yawa kuwa. Gonarsa tana gabas da Rurum Tsohon Gari, a gindin duwatsu, kuma dawa farafara yake shukawa, mai tsawon nan da ko kana kan jaki ba ka taɓo kanta. Da karan gonar nan aka yi dangar gidanmu da gadon da na kwanta a kai ina ƙarama. Da shi Inna take dafa tuwo, tokarsa ta tace ta zuba a miya, sillensa kuma Baba ya feƙe alƙalami. Sai dai ba a taɓa ko ɗaya sai shanun Baffa sun gama da shi.

Baffa Bafulatani ne makiyayi, ba mu haɗa jini da shi ba, amma mun buɗe ido mun ji ana ce masa Baffa, muka bi. Kowace shekara in an gama girbi, yakan ɓullo daga gabas da shanunsa da iyalinsa, ya kafa ruga a gindin gawon da yake bakin gonarmu. Shanu su ci ganyen kara da duk abin da ya yi laushi, su bar mana taki. Matarsa ta kawo wa Inna man shanu a ƙwarya, Baba ya aika masa da damin dawa. Ba wanda ya taɓa zama ya ƙulla wannan da baki, iyayensu ma haka suka yi. Baffa yana kiran Baba "Kaɗona", wato Bahaushena, Baba yana kiransa "Fillo", su zauna a inuwar gawo suna tsokanar juna a kan wa ya fi wani rowa. Mahaifina ba mai yawan dariya ba ne, amma a gindin gawon nan na sha jin ya yi ta har da tari.

Sai kuma Yaya, babban wanmu. Shi ne ɗan fari, kuma sunan kakanmu aka sa masa, wato mahaifin Baba. Kunya biyu ke nan ta haɗu a kan mutum ɗaya. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa faɗa ido da ido ba, kai ko zama su yi hira ban taɓa gani ba. In yana son wani abu a wurinsa sai ya ce mini, "Ki gaya wa wancan ya kai jaki rafi," alhali wancan ɗin yana tsaye a gabansa. Shi ma Yaya in yana da buƙata, ta wurina ko ta wurin Inna take bi. Ni ce 'yar aikensu, ina ƙara gishiri inda ya kamata, ina ragewa inda ya yi yawa. Kuma kada a ɗauka babu ƙauna. Na sha ganin Baba ya tsaya a bakin zaure yana bin Yaya da kallo har ya sha kwana.

Abin da ya kawo sauyi ƙirjin Inna ne. Itace ya yi wuya a wajenmu, masu gawayi sun bi bishiyoyi sun sare, har ɗorawa ba su bari ba. Sai ya zama kara da busasshen kashin shanu kawai ake turawa a murhu, kuma duk wadda ta taɓa girki da su ta san hayaƙinsu. Idon Inna kullum jajir, tari kuwa in ya sarƙe ta sai ta dafa bango. Yaya ya yi karatu a Kano, a can ya ga yadda ake mayar da tarkacen gona gawayi, ya dawo gida da abin a ransa. Ya samo ganga ya huhhuda gindinta, ya cusa kara ya cinna wuta, in ta kama sai ya rufe ya liƙe da laka don kada iska ta shiga ta mayar da shi toka. In ya huce ya juye, ga kara ya koma baƙi ƙirin, mara nauyi. A daka a turmi, a tankaɗe, a kwaɓa da kunun rogo, a matse a wani ƙarfe da mai walda ya haɗa masa a Rano, a shanya a rana. Ranar da Inna ta fara girki da shi, ta zauna kusa da tukunya tana ta duba sama, wai tana neman inda hayaƙin ya tafi. Ta ce, "Ikon Allah, yau na ga fuskar miyata."

Da ɗan karan da ya rage na bara ya gwada. Da ya ga abin ya yi, sai ya so ya yi mai yawa, wanda zai kai Inna har wata kakar, a kuma sayar wa maƙwabta. A shekarar ne komai ya haɗu. Ni ina gidan mijina a Kibiya ina wankan jego. Inna kuma ciwon ya tashi mata sosai ana cikin girbi, aka kwantar da ita a asibiti a Rano, Baba yana jinya. Babu 'yar aike ke nan. Sai Yaya ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sami Baba a ƙofar asibiti ya durƙusa, kansa a ƙasa, ya ce yana neman izini ya kwashe karan gona ya yi wa Inna gawayi.

Baba ya ce, "To."

Wayyo wannan "to". Ni da na girma a kan aikensa na san "to" ɗin Baba iri-iri ne. Akwai gajere mai ƙarfi, shi ne na yarda. Akwai wanda yake biye da gyaran murya, ma'anarsa bari in yi tunani. Akwai kuma mai ja, wanda yake sauka a hankali yana kallon gefe, wannan a'a ne tsantsa, an dai naɗe shi a cikin zane. Na tambayi Yaya daga baya ya kwaikwaya mini yadda aka faɗa, ya kwaikwaya, na dafe kai. Mai jan ne. Amma ina Yaya zai sani? Mutumin da duk rayuwarsa bai ji maganar ubansa kai tsaye ba sai ta bakin ƙanwarsa. Shi ya ji "to", ya yi godiya, ya tashi da murna. A tunaninsa ma Baffa zai sami harawa da ciyawa a gefen rafi kamar kowa, bai san nauyin abin ba.

Kafin a sallamo Inna, Yaya ya tara abokansa sun kwashe karan nan tas, har ganyen da ya zuba sun tattare. Gona ta koma fili fetal. Baba ya dawo ya tsaya a bakinta ya daɗe, bai ce wa kowa uffan ba.

Ga abin da Yaya bai lura da shi ba, wanda Baba ya sani sarai. A shekarun nan an fara samun saɓani tsakanin manoma da makiyaya a garuruwan da suke kewaye da mu. Manomin da ba ya son shanu su sauka masa ba ya zuwa ya ce kada a zo. Sai ya kwashe karansa da wuri ko ya banka masa wuta, makiyayi in ya iso ya ga gona a share, ya gane, ya wuce. Magana ce cikakkiya, kowa ya san fassararta.

Baffa ya iso da hantsi, shanu a gaba, jakuna da kaya a baya. Maƙwabcinmu na gona yana wurin, shi ya ba ni labari. Ya ce shanun da kansu suka nufi gindin gawo, don sun san wurin, suka tsaya suna shinshina ƙasa. Baffa ya rataya sandarsa a kafaɗa ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Baba ya taho da sauri har takalminsa yana fita. Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali, aka tambayi shanu, aka tambayi hanya. Nan ne fa ya kamata Baba ya buɗe baki ya ce, "Yaron nan ne ya yi kuskure." Kalma nawa ce? Amma a ce ya kai ƙarar ɗan farinsa wurin baƙo, ɗan da yake ɗauke da sunan mahaifinsa, a kan abin da yaron ya yi don uwarsa? Bakin ya ƙi buɗuwa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Bana haka Allah ya yi."

Baffa ya ce, "Madalla. Useko, Malam." Wato na gode.

Maƙwabcin ya ce da ya ji "Malam" ɗin nan a maimakon "Kaɗona", sai ya san abu ya ɓaci. Matar Baffa ta kawo man shanu kamar kullum. Baba ya aika da dami, har ya ƙara. Baffa ya karɓa, ya yi addu'a, kafin la'asar sun kaɗa shanu sun yi kudu.

Da na yi arba'in na zo gida na ji wannan labari, ai kuwa na tayar da ƙura. Ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na sami Yaya a bakin gangunansa, hannunsa baƙi har gwiwa, na zazzage masa komai. Bai san ma an yi ba. Ya zauna daɓas a ƙasa ya ce, "Amma ai cewa ya yi to." Ya je ya durƙusa a gaban Baba zai ba da haƙuri, Baba ya dubi bango ya ce, "Ba komai." Na ce, Baba, da komai mana! A aika a bi mutumin nan a gaya masa gaskiya. Ya ce, "A ce masa me?" Na ce a ce ba korarsa aka yi ba. Ya ce, "Baɗi zai zo. In ya ga kara zai gane, ba sai an yi surutu ba."

Haka aka yi. Da kaka ta zagayo, Yaya da kansa ya ware karan gefen gabas, da ganyensa da komai, ya tattara ya jingina shi a jikin gawo, tari guda mai tsawo wanda duk mai tahowa ta hanyar nan zai hango tun daga nesa. Ya kewaye shi da ƙaya saboda awakin gari. Baba ya riƙa zuwa kullum da hantsi da buzunsa, ya zauna a gindin tarin yana jan carbi. In ya hango garke ya miƙe ya kare ido da hannu. Garkuna sun wuce, amma ba na Baffa. Da ruwan farko ya sauka ya sa aka kwashe karan, gara ta riga ta ci rabinsa. Wata kakar aka sake jinginawa. Mutanen gari suka sa masa suna karan Baffa, har ya zama abin kwatance, a ce ka bi ta karan Baffa ka yi dama.

Yaya ya nemi mutumin, ba zan zalunce shi ba. Ya tambayi Fulanin da suke kawo nono kasuwar Rano, wannan ya ce ya gan shi wajen kudu, wancan ya ce ya ji ya koma gabas. Baffa ba ya riƙe waya, kuma makiyayin da ya sauya hanya sai Allah.

Sana'ar kuwa ta yi albarka, abin da yake ƙara ƙona mini rai ke nan, don ba ni da wanda zan zaga. Ganga ɗaya ta zama jere. Yaya ya ƙara da totuwar masara da ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa, duk abin da a da ake zubarwa a juji. Mata daga Zinyau da Yalwa suna aiko yara saye, masu shayi da masu tsire suna layi. 'Yan ɗorawoyin da suka rage a wajenmu sun sha da ƙyar, ina jin gawayin nan yana da hannu a ciki. Tarin Inna ya lafa, idonta ya washe, har ta koma tsintar shinkafa ba tare da ta kira jika ba. Ni kaina da shi nake girki har gobe, kuma in na ce ba na jin daɗinsa na yi ƙarya. Daga baya manyan motoci suka fara shigowa daga Kano suna sayen kara da ɓuntu, wai masana'antu suke kai wa suna hura tukwanensu. Har muna jin ana cewa za a riƙa tatsar man mota daga takanɗa da rogo. Kara ya zama kaya. Wanda a da in ka roƙa za a ce ɗebi iya ƙarfinka, yanzu tun dawa tana tsaye an yi cinikinsa.

Masu motocin nan ba su taɓa wuce karan Baffa ba su tsaya ba. Su sauko su gaida Baba su taya, ya ce ba na sayarwa ba ne. Su ɗauka wayon ciniki ne su ƙara, ya ce yana da mai shi. Wani ya taɓa ce masa, "To Baba ina mai shi ɗin?" Ya ce, "Yana hanya." Gonar ma ta nuna kewarta. Tun da shanu suka daina kwana a cikinta ƙasar ta yi fari, farafarar da take wuce mai jaki ta dawo da ƙyar take wuce mutum a tsaye, sai an bi ta da takin zamani.

A haka ƙarfin Baba ya fara ƙarewa. Ƙafa ta kumbura, zuwa gindin gawo ya koma sai Yaya ya ɗauke shi a babur, daga baya ma ya gagara. Da bazara ta shiga ya kwanta. In na shiga gaishe shi, bayan ya tambayi yara, tambaya ta biyu ita ce ko an gyara ƙayar da take kewaye da karan. Rannan na fito daga ɗakinsa na sami mai gidana na ce, "Malam, ni fa na gaji. Ko a ƙarƙashin ƙasa mutumin nan yake a tono mini shi." Ya ce in kwantar da hankalina. Na ce ba zan kwantar ba. Ya shirya ya tafi kasuwar shanu ta Wudil, wadda ita ma don neman magana kara ake ce mata. Ya yi ta zuwa yana dawowa hannu rabbana, sai a wani zuwan wani dillali ya haɗa shi da babban ɗan Baffa.

Mai gidana ya dawo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Ya ce Baffa yana raye, yana wani ƙauye can wajen Ningi, ya tsufa, ido ya yi rauni. Shanun kuwa babu. A kudun da suka koma ciwo ya shiga garken, wasu aka sace, sauran aka sayar aka ci. Na ce to me ya ce a kanmu, yana zaginmu ko? Mai gidana ya girgiza kai. Ya ce ɗan ya gaya masa cewa ubansu bai taɓa barin kowa ya faɗi mummuna a kan Baba ba. Kullum abin da yake gaya musu shi ne, "Mutumin kirki ne. Da zamanin ya juya ya ga ba zai iya riƙe mu ba, bai faɗa mini da baki ba. Ya share gonarsa kawai, ya ƙara mini dami. Ya yi mini kara. Shi ya sa ban koma ba, kada in sa shi ya faɗa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na yi kuka, na yi masifa, har na rasa da wa nake yi. Dattawa biyu, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa, kowa yana tsoron ya taka wa ɗaya rai, har suka lallaɓa shekarun da suka rage musu suka zubar.

Washegari na tafi Rurum na gaya wa Baba, ban rage ko kalma ba. Ya saurara idonsa a rufe. Da na kai wurin "ya yi mini kara", sai ya buɗe ido ya ce, "Har yabona yake yi?" Ya juya fuska bango, kafaɗarsa tana rawa. Ban taɓa ganin mahaifina yana kuka ba sai ranar, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinsa. Da ya natsu ya ce in kira masa wancan. Yaya ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa. Na gyara zama zan karɓi saƙo kamar yadda na saba, sai Baba ya ɗaga mini hannu. Ya dubi Yaya a ido ya ce, "Kai. Ka aika a gaya masa ban kore shi ba. Ka ce karansa yana nan a jikin gawo, bai taɓa fashi ba. Ka ce ni na faɗa da bakina."

Yaya ya kira ɗan Baffa a waya a gabanmu. Amsa ta dawo cewa tsohon ya ji, ya ce a nemo masa babur. Amma zazzaɓi ya kayar da shi a makon, aka ce sai ya ɗan warware. Baba ya riƙa tambaya kullum. Hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Wata safiya bayan an idar da sallah, Inna ta kai masa kunu ta tarar ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tun da daɗewa Baba ya bar wasiyya cewa kada a ɗauke shi a makarar ƙarfen nan ta masallaci. Ya ce a ɗaura masa ta kara irin wadda aka ɗauki mahaifinsa a kai, sanduna biyu, a jera kara a ɗaure da igiyar rama, in an gama a bar ta a kan kabari. Aka bazama neman kara. Ƙarshen bazara ne, a garin da yanzu kowane kara yake da mai saye. Gida-gida aka bi, babu, sai guntaye a bakin murhu. Wajen Yaya ma duk ya shiga ganga. A duk faɗin Rurum wuri ɗaya ne kara mai tsawo ya rage. Yaya ya tafi gindin gawo shi kaɗai, ya janye ƙayar, ya zaɓo waɗanda gara ba ta taɓa ba, ya ɗauko a kansa. A kan karan Baffa aka ɗauki mahaifina.

Muna cikin zaman makoki ruwa ya sauka mai yawa. Maƙwabta, Allah ya saka musu, suka ce ba za a bar gonar marigayi ta makara ba. Ba tare da sun tambayi kowa ba suka yi gayya, suka share ta fes, suka ƙone ruɓaɓɓen karan da ya rage a gindin gawo, suka shuka.

Ranar addu'ar bakwai Baffa ya iso, a bayan babur ɗin ɗansa. Hanyar gabas ta bakin gonarmu take bi. Ɗan ya gaya mini cewa da suka zo daidai gawon, tsohon ya ce a tsaya. Ya sauka ya matsa kusa saboda idonsa, ya zagaya bishiyar yana shafa jikinta, ya dubi toka a ƙasa. Ya hau suka ƙaraso.

Ya yi wa maza ta'aziyya a zaure, sannan aka shigo da shi ya gaida Inna. Da ƙyar na gane shi. Dogon mutumin nan ya rankwafa, sandar da yake ratayawa a kafaɗa yanzu ita take riƙe da shi. Ya tsuguna daga nesa ya yi addu'a, Inna tana amsawa cikin mayafi. Ya shafa addu'ar. Ya ce, "To, Allah ya ba da haƙuri," ya fara laluben takalminsa. Na dubi Inna, kanta a ƙasa. Na dubi Yaya, kansa a ƙasa. Wato haka za a sake yi. Zai tafi da gona a share a idonsa karo na biyu, ya je ya gaya wa 'ya'yansa cewa mutanen kirki ne, sun aika masa da magana mai daɗi don su faranta wa tsoho rai.

Na ce, "Baffa, zauna. Wallahi ba inda za ka."

Matan da suke wurin suka zaro ido, wata gwaggonmu tana taɓa ni. Na ture hannunta. Na faɗa masa duka, tun daga ƙirjin Inna da gangar Yaya, da "to" ɗin ƙofar asibiti, da buzun da aka shimfiɗa a gindin gawo shekara da shekaru, da masu motar da aka ce wa mai shi yana hanya. Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, ko a jikina. Na ce karanka bai ƙone duka ba, Baffa, mai kyan yana maƙabarta, a kansa aka kai amininka.

Baffa ya saki takalmin. Sannan ya ce, a hankali, "Kaɗona." Ya sake cewa, "Kai, Kaɗona."

Mata ba sa zuwa maƙabarta, don haka sauran a bakin Yaya na ji, shi ya riƙe hannun Baffa ya kai shi. Ya ce makarar tana nan a kan kabarin, ruwa ya jiƙa ta, igiyar ta fara saki. Baffa ya tsuguna ya yi addu'a mai tsawo, rabi da Larabci rabi da Fulatanci. Da ya shafa, sai ya kai hannu yana bin karan ɗaya bayan ɗaya, yana matsa su da yatsa yadda yake yi a da in yana duba ko shanu za su iya ci. Ya ce farafara ce, amma ta rame. Can ya ɗago ya ce wa Yaya, cikin jin nauyi, ko za a ba shi izini ya zare guda ɗaya ya tafi da shi.

Yaya ya ce mini ya buɗe baki, "to" ta riga ta zo kan harshensa. Ya haɗiye ta. Ya durƙusa a cikin laka ya ce, "Naka ne, Baffa. Duka naka ne. Ni na kwashe na farkon, ban sani ba, ka yafe mini. Baba bai kore ka ba."

Baffa ya zare guda ɗaya ya karya shi biyu don ya shiga aljihu. Ɗansa ya tayar da babur, suka koma ta hanyar gabas kafin hadari ya haɗu.